Hotunan da Ba a Zagaye Ba

Ranar da aka bugo waya daga gidan jaridar, Ido Ɗaya yana tsakar gida yana kokawa da kwalbar maganin ido. Ɗigo ɗaya ya shiga, sauran suka bi kumatu. Autarsa ce ta ɗauki wayar, ta saurara, sannan ta toshe bakin wayar da tafin hannu.

"Baba, wai karrama ka za su yi. Za a baje kolin hotunanka a bikin jaridar."

"Sun ji labarin na mutu ne?"

"Haba Baba!"

"To me ya tuna musu da ni?"

Ba nakasa ce ta jawo masa sunan Ido Ɗaya ba. Tun yana saurayi, duk wanda ya gan shi a bakin aiki ido ɗaya yake gani a runtse, ɗayan kuwa yana bayan kyamara, har abokan aiki suka manta sunansa na yanka. Ya shafe ƙuruciyarsa kaf yana ɗaukar wa jaridar hoto. Yanzu idon da ya yi aikin ya fara yin hazo, wanda ya sha hutun ma ba wani abin kirki yake gani ba. Abin da bai ragu ba shi ne zafin rai.

Matarsa tana daga bakin ƙofar kicin tana tsince shinkafa. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Ka je, Malam. Mu ma ma ga hotunan nan da ake ta cika mana kunne da su. Gida cike da 'ya'ya, uba mai ɗaukar hoto, amma ko na kirki ɗaya babu a bango."

"Ku ai kullum ina ganin ku."

"Mun gode."

Gaskiyarta ce, ba ta taɓa ganin su ba, kuma ba ita kaɗai ba. A zamanin da Ido Ɗaya yake ganiyarsa, hukuma ta dasa wani mutum a ɗakin labarai, da teburinsa da almakashinsa. Idan an wanke fim, akan buga duk hotunan da ke kansa ƙanana a kan takarda ɗaya, mai ɗaukar hoto ya zagaye waɗanda ya zaɓa da jan fensir, a miƙa wa edita. Kafin takardar ta isa ga edita sai ta bi ta hannun mutumin hukuma. Hoton da bai yi masa ba, sai ya nemi fim ɗin, ya datse wurin, ya jefa a aljihu. Allah ya taimaka, mutumin rago ne na ƙarshe, waɗanda aka zagaye kaɗai yake dubawa, sauran ko kallo ba su ishe shi ba.

Sai Ido Ɗaya da amininsa mai wankin hoto suka ɓullo da tasu dabarar. Duk inda aka aike shi, sai ya fara ɗaukar manyan baƙi suna musabaha, suna yanke ƙyalle, suna washe baki. Sannan ya juya baya ya ɗauki abin da ya kawo shi. Ya ɗauki ma'aikatan masaƙa ranar da aka rufe musu ƙofa. Ya ɗauki layin mata a bakin famfon da ba ya kawo ruwa, da asibitin da majinyata suke kwance a baranda. Ya ɗauki unguwar bakin rafi ranar da aka rushe ta don a yi titi. In ya dawo sai ya zagaye manya da ja, ya bar nasa tsirara, mai wanki ya sa fim ɗin a ambulan ya kai sito. A ƙofa ana caje jaka, don haka babu maɓoyar da ta fi siton jaridar kanta. Da zamani ya juya mutumin hukuma ya tattara almakashinsa, editocin da suka biyo baya su ma manyan suke so a shafin farko, hannun Ido Ɗaya kuma ya riga ya saba. Mai wanki ya rasu da sirrin a cikinsa. Bayan ritaya Ido Ɗaya ya yi ta sintiri yana neman a ba shi fina-finansa, ana ce masa kayan kamfani ne, ya dawo wani makon, har takalminsa ya gaji ya haƙura.

Saboda haka duk da gunagunin, washegari da sassafe ya riga Auta shiryawa don zuwa gidan jaridar duba hotunan. Har da turare.

Jaridar ta koma sabon gini, gilashi ta ko'ina, ga sanyin na'ura mai shiga ƙashi. Babu warin tawada, babu ƙarar injin, kowa ya kafa ido a kwamfuta ya toshe kunne. Wata matashiya ta taso da sauri ta rusuna. Ita ce jami'ar adana hotuna, kuma ita ta dage a yi bikin da sunansa.

"Sannu da zuwa, Baba. Wallahi tun ina makaranta nake ganin sunanka a ƙasan hotuna. Ga kujera. Mun kwashe aikinka gaba ɗaya mun zuba a kwamfuta, yanzu ko gobara aka yi ba abin da zai same shi."

Ido Ɗaya ya ji yarinyar ta kwanta masa a rai. Ya jawo kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashin kwamfutar. Ta fara wuce masa da hotuna ɗaya bayan ɗaya. Wani babba yana miƙa wa wani babba hannu. Wani yana riƙe da almakashi. Wani yana karɓar kofi, wani yana bayarwa. Ya yi dariya, ya ce wancan mai tumbin sau uku aka maimaita masa yankan ƙyallen saboda almakashin ba ya ci. Ta yi dariya, ta ci gaba. Shayin da aka kawo masa ya huce, manya ba su ƙare ba.

"To 'yar nan, ya isa haka. Wuce mana zuwa hotunan."

"Su ne waɗannan, Baba."

"A'a, waɗannan ai marfi ne. Ina na ciki? Nemo mini unguwar bakin rafi."

Ta rubuta, ta danna. Hoto ɗaya ya fito: wani babba a kan buldoza, yana ɗaga hannu, ranar ƙaddamar da aikin titi.

"Na bayansa fa?"

"Shi kaɗai ne."

"Fim uku na ƙarar a wurin nan!"

Ta yi masa bayani a hankali, irin yadda ake yi wa tsoho. Kamfanin da aka ba aikin ba zai iya ɗaukar kowane ƙyas, wato kowane hoto, na kowane fim ba, abin ya yi yawa. Sai aka bi ƙa'idar da kowa ya sani a sana'ar, wato abin da mai hoto ya zagaye da ja shi ne zaɓinsa. Ita da kanta ta rubuta umarnin, don a girmama idonsa, kada wani ya yi masa shisshigi.

Ido Ɗaya ya kawar da kai daga kwamfutar. Auta, wadda ta san labarin tun tana goye, ita ta faɗa mata dabarar jan fensirin. Jami'ar ta saurara, hannunta ya sauka daga kan kwamfutar ya koma cinyarta.

"Innalillahi. Baba, ba wanda ya gaya mini."

"Wa zai gaya miki? Wanda ya sani a jaridar yana kabari, ɗayan kuma kun ce ya dawo wani makon. Ina fina-finan?"

"Suna tsohon gini. Sai dai an sayar da ginin, an ce a kwashe komai."

Bai tsaya sallama ba. Auta ta suri jakarta ta bi shi, tana kiran ya yi a hankali da matakala.

A tsohon ginin, maigadin sabo ne, bai san wani Ido Ɗaya ba. Ya tare ƙofa da sanda ya ce sai da takarda. Tsohon ya ce masa tun kafin a haifi ubansa yake shiga ƙofar nan, maganar da ba gaskiya ba ce kuma ba ta taimaka ba. Sai da Auta ta kwantar da murya, ta bugo wa jami'ar, jami'ar ta bugo wa manaja, manaja yana taro, mataimakinsa ya tafi salla, aka yi ta jira a rana. Da aka buɗe musu, suka bi dogon barandar da ya sani ko da ido a rufe, suka gangara sito. Kantoci na nan a jere, da lambobin shekaru a liƙe. Babu kwali ko ɗaya. A kan kowace kanta ƙura ta zana murabba'in inda kwalin ya zauna.

Maigadi ya ce ɗan kwangila ne ya zo da mota. Ɗan kwangila, da aka same shi a waya, ya ce shi tebura da kujeru ya sani, takardu kuma ya ba masu ƙosai da masu gyaɗa, baƙaƙen ledojin nan kuwa wani ya roƙa ya bar masa. Wane ne wanin? Sai ya tambayi direba. Direba ya kashe waya. Da ya kunna, ya yi musu kwatance irin na direbobi, a wuce gidan mai, a bar wani gidan man, a shiga kwanar da babu kwalta. Mai adaidaita ya ɓata da su sau biyu, Ido Ɗaya yana zagin titi, yana zagin wanda ya yi titin, yana cewa ai yana wurin aka ƙaddamar da shi.

Wurin wani fili ne da aka kewaye da kwano, a bayan masu gyaran mota. Wari ya tarbe su tun daga ƙofa, warin da ya so ya yi kama da na ɗakin wankin hoto, har gaban tsohon ya faɗi. Manyan robobi ne a jere cike da ruwan toka-toka. Wani mutum da safar roba har gwiwar hannu yana juya ɗaya da itace. Sana'arsa ke nan, yana sayen tsofaffin hotunan ƙashi na asibiti da fina-finai, ya jiƙa su a magani, ya tace 'yar azurfar da ke jikinsu.

"Na gidan jarida? Ai kaya ne masu kyau, Baba. Tsohon fim ya fi na yanzu nauyi. Tun wancan makon muka gama da su. Ga ledar can, masu narka roba muke jira."

Tsibi ne ya kai ƙugu, yana ƙyalli a rana. Ido Ɗaya ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya zaro zaren fim ɗaya. Ya ɗaga shi sama ya runtse ido, yadda ya yi wa dubban irinsa. Ga ƙananan hujojin gefe nan lafiya lau. Ta tsakiya kuwa sai ya hango kwanon shingen da wayar lantarki, tas, babu ko alamar hoto. Ya jefar ya zaro wani. Ya zaro wani. Ya tura hannu can ƙasan tsibin ya jawo dunƙule guda, yana dubawa yana watsarwa.

"Baba, tashi mu tafi," in ji Auta.

"Ba su juya ko'ina ba. Dole wani ya tsira."

"Mu ba ma barin ko ɗaya," in ji mai safar, da alfaharin wanda ya iya aikinsa. "Asara ce."

Auta ce ta ɗago shi. Suka kama hanyar gida.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya sha wuya. Miya ta yi gishiri, rediyo ya cika surutu, jikoki sun cika gudu. Jami'ar ta zo har gida ta durƙusa tana hawaye, ya rasa yadda zai yi da ita, don ya fi son a ce mugunta aka yi masa, ya samu wanda zai tsine wa. Ya rantse ba zai taka wurin bikin ba. Matarsa ta bar shi ya gama rantse-rantsensa, ta goge masa babbar riga ta rataye a ƙofa.

"Ba za ni ba, na ce."

"Na ji. Amma yarinyar nan ta sa sunanka a rediyo. In ba ka je ba ita za a ci wa fuska, ba masu buldoza ba."

"Kin san abin da za su rataya? Mutanen da na yi rayuwata ina juya wa baya!"

"To je ka gaya musu haka. Mu mun ji, mun haddace."

Zauren ya cika. An wanke hotunan manya-manya, an sa musu firam, an haska su da fitilu, kuma abin haushin shi ne sun yi kyau. Ko marfi ne, hannunsa ne. 'Ya'yan manyan da jikokinsu suna ta nuna iyayensu a bango suna ɗaukar kansu hoto da waya. Mai gabatarwa ya kira shi amintaccen shugabanni, mutumin da babu wani babban taro da aka yi ba da shi ba. Aka tafa. Aka miƙa masa makirufo.

Ya tafi gaban hoton buldozar ya tsaya. Ya ce wannan da suke gani ya ɗauke shi ne don a bar shi ya wuce. Ya ce da ya juya, mutanen unguwar suna kwasar abin da hannu zai iya ɗauka, wani da tukunya, wani da akuya, wani tsoho ya zauna a kan tabarmarsa a tsakiyar ɗakin da babu bango. Bai kai ga maganar jan fensir ba aka ji jiniya a waje, babban baƙo ya iso a makare. Mai gabatarwa ya zare makirufon daga hannunsa da murmushi, ya ce Baba akwai labarai, a ƙara masa tafi. Jama'a suka yi ƙofa.

Ya tsaya shi da Auta a gaban hoton, yana huci. Sai ya ji sallama a gefensa. Wata mata ce mai matsakaicin shekaru, da mayafin da ya sha wanki, da ganin ta ba katin gayyata ne ya kawo ta ba.

"Baba, ina wuni. A rediyo na ji, na ce sai na zo. A unguwar nan aka haife ni."

"Allah sarki. Sannu, baiwar Allah."

"Na zagaya duka ban gani ba, na ce ko akwai wasu a ciki. Yayata ce take ba ni labari, wai ranar da aka rushe mana gida innarmu ta cire ƙofar ɗakinta ta ɗora a ka, ina goye a bayanta, wani mai kyamara ya bi ta yana ɗauka. Ba ta daɗe ba bayan nan ta rasu. Ba mu da hotonta ko ɗaya."

Ido Ɗaya ya dafa kafaɗar Auta.

"Ƙofar kwano," ya ce. "Da kwaɗon a jiki, bai ko buɗe ba."

"Ita ce! Wallahi ita ce! Baba, hoton yana ina?"

Ya gaya mata. Bai yi kwana-kwana ba, bai kuma ɗora wa kowa ba. Ta murza bakin mayafinta, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Har ta juya, sai ta dawo.

"To Baba, kai ai ka gan ta. Yayata ta ce ni na ɗauko ta, ƙanwar babanmu ta ce sam. Dube ni da kyau. Ina kama da ita?"

Ta gyara tsayuwa, ta ja mayafin baya kaɗan, ta ɗaga fuska ta fuskanci fitila. Ya matso. Ya runtse ido ɗaya. Ya tuna rana tana hagunsa. Ya tuna ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya don ƙofar ta raba sama biyu. Ya tuna ya jira sai da ƙura ta lafa, ya tuna inda ya saita kyamarar, ya tuna ƙyas na nawa ne a fim ɗin. Ya nemi fuskar a ƙarƙashin ƙofar, ya sake nema. Babu komai a wurin. Bai taɓa wahalar da kansa riƙe fuska ba, aikin fim ne wannan, shi nasa ya danna ya wuce gaba.

Auta ta matse masa hannu, ta raɗa masa, "Baba, ka ce e mana."

Bai taɓa ce wa kowa ya gyara tsayuwa don hoto ya yi kyau ba, kuma bakinsa ya ƙi fara yau.

"Ban sani ba, 'yata. Wallahi ban riƙe ba."

Matar ta mayar da mayafinta. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi babban da ke kan buldoza, ta bi kusurwoyin hoton da ido, sama da ƙasa.

"Ta ina take, a nan?"

"Ba ta ciki. Nan na tsaya, kamar inda kike. Ita tana bayana."

Sai matar ta juya a hankali ta dubi bayanta. Ma'aikatan zauren ne suke jera lemo a kan tebur.